Wa ya taɓa ɗora madubin jan ɗigo mai araha a kan ƙaramar bindiga?

Baban Halima, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramar bindiga da takardunta cikakku, amma idona ya fara gajiya. Na haura hamsin, in na tsaya gaban kwalin da ake harbi sai saitin ƙarfe na gaba ya zama hazo-hazo. An ce madubin nan mai jan ɗigo yana maganin haka. Masu tsadar sun fi ƙarfin aljihuna. Wanda ya gwada mai araha ya gaya mini gaskiyar abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Marwa a Amurka:
Wa alaikumus salam Kawu. Shekara uku ke nan ina amfani da shi a filin koyon harbi. Kafin maganar kuɗi, duba saman bindigarka. Mazaunin madubin ba iri ɗaya ba ne: akwai na RMR, akwai na Docter, akwai na RMSc na bindigogi masu siririn jiki, kuma ramukan sukurunsu ba sa haɗuwa. Holosun 407C da 507C suna hawa mazaunin RMR, Burris FastFire 3 da Vortex Venom kuma na Docter. Glock mai alamar MOS tana zuwa da gurbi a sama, faranti kawai za ka sa. In taka ba ta da gurbi, ko dai gwani ya fafe ƙarfen, ko a cire saitin baya a sa faranti a wurinsa. Na biyun na fara yi, madubin ya yi tsayi, na sha wahala kafin hannuna ya saba.

Mai bin sawu, yankin Binuwai:
Ni a kan doguwar bindigar farauta na san shi, don baƙin da muke rakawa daji da rani suna zuwa da shi. Amma akwai abin da na Amurka ba zai faɗa maka ba, Alhaji, wato ƙurar hunturu. Yawancin masu araha a buɗe suke, 'yar fitilar da ke jefa ɗigon tana waje, a bayan gilashi. Kwana biyu a bayan mota kan hanyar daji, ƙura ta zauna a bakin fitilar, ɗigo ya watse kamar an fasa ƙwai, wata rana ma ya ɓace ɗungurungum. Na ga baƙo yana hura shi da baki, ga dabba a tsaye. Rufaffen, irin Aimpoint ACRO ko Holosun EPS, fitilar tana ciki tsakanin gilasai biyu, gogewa ɗaya da tsumma ya isa. A ƙasarmu wannan bambancin ya fi suna muhimmanci a wurina. Kuma kada ka goge gilashin da bakin riga alhali da yashi a kai, karce shi za ka yi.

Bakanike, Ngaundare:
Ni na ƙone. Na sayi wani marar suna a intanet, ashe na bindigar wasa ne. Ƙarfen saman ƙaramar bindiga yana komawa baya da ƙarfi a kowane harbi, madubin kuma a kansa yake. Ban gama kwalin harsashi ɗaya ba ya fara ƙyaftawa, daga nan ya mutu. Araha ba ta ado, Yaya. Na biyun ya zauna lafiya, amma sai da na koyi sukuru. Wanke ramukan daga mai, ɗiga shuɗin gam na Loctite 243 kaɗan, ban da ja don ja ba ya kwantuwa sai da wuta, ka ɗaure daidai ƙarfin da takardar kamfani ta ce. Ka kuma auna tsawonsu. Sukuru mai tsawo yana taɓa abin da ke fitar da kwanson harsashi, bindiga ta dinga cijewa. Ni nakan ja layi da fenti a kan kowanne, in ya motsa in gani.

Ɗan Marwa a Amurka:
Na manta batir. Zaɓi wanda ake sa wa ta gefe ko ta sama, kamar 507C mai batirin CR1632. Wanda batirinsa ke ƙasa sai an kwance madubin, a sake saiti daga farko. Girman ɗigo kuma da ma'aunin da ake kira MOA ake faɗarsa: MOA 3 yana rufe kusan santimita 2 a mita 25, MOA 6 ya ɗan haura 4. Ga idon da ya gaji, babban ya fi saurin kamuwa.

Malamin asibiti, Njamena:
Baba, je a duba idonka tukuna. Ni ɗigon tauraro mai wutsiya nake gani, na ɗauka madubin ne ya lalace. Na ɗauki hotonsa da waya, ya fito a zagaye tsaf. Ashe idona ne ba ya tattara haske wuri guda. Da tabarau, da rage hasken ɗigon, abin ya yi sauƙi sosai.

Tsohon jandarma, Garwa:
Ƙanena, dokar makamai ta Kamaru ta 14 ga Disamba 2016 ba abin wasa ba ce, balle a arewa da halin da muke ciki. Kafin ka yi oda ko ka bari a fafe ƙarfe, je wurin hukumar da ta ba ka izini ka tambaya, a rubuce. Na ga kayan mutum sun maƙale a kwastan wata da watanni.

Baban Halima, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tawa ba ta da gurbi, don haka ranar Litinin zan fara da ofishin, daga nan asibitin ido. Mai bin sawu, rufaffen nan yana hawa faranti irin wanda ake sawa a wurin saitin baya kuwa?