Ɗaukar amarya a al'adar Sinawa: me ke gaba, me ke baya?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Wanda ya san yadda Sinawa ke ɗauko amarya ya taimaka ya warware mini. A bidiyoyin bikinsu za ka ga ango da abokansa an kulle su a waje, ana miƙo musu wasu abubuwa suna sha suna yamutsa fuska, suna cusa jajayen ambulan ta ƙarƙashin ƙofa. Can anjima sai a fito da amarya a ƙarƙashin jar lema, wani lokaci ma a goye. Ina son tsarin daga farko har ƙarshe. Nawa ake sawa a ambulan ɗin? Wanne ne dole, wanne ne wasa kawai? Kuma me ya sa kowa ke ta duba agogo kamar masu gudun kada jirgi ya tashi ya bar su?

Abban Khalil:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayarki ta ƙarshe ita ce kan maganar, don haka da ita zan fara. Kafin biki ana duba kundin kwanaki da ake kira Tong Shu, a haɗa shi da ranakun haihuwar ango da amarya, a fitar da rana da sa'a. Sa'ar gargajiya ta Sin awa biyu ce, kwana ɗaya yana da 12, misali 7 zuwa 9 na safe, 9 zuwa 11, sai 11 zuwa 1 na rana. Sau da yawa sa'o'i biyu ake tsayarwa: ta fitar amarya daga gidan iyayenta da ta shigarta gidan miji. Duk sauran hidimar safiyar daga waɗannan ake lissafo ta da baya-baya. Watan bakwai na kalandarsu ta wata kuwa, wanda suke kira watan fatalwa, galibi ba a sa biki a cikinsa.

Zan bi tsarin mutanen lardin Guangdong na kudancin Sin da Hong Kong, don nasu ne ya fi yawo a bidiyo.

Daren jajibiri ana yin tajewar kai, ango a gidansu, amarya a gidansu. Za a yi wanka da ruwan ganyen pomelo, wani babban lemo, a sa sababbin kayan barci, sai wanda aka shaida da dacen aure da 'ya'ya ya taje kan yana sa albarka. Tajewa ta farko, zaman aure daga fari har ƙarshe. Ta biyu, su yi furfura tare. Ta uku, 'ya'ya da jikoki su cika gida. Daga nan a ci tangyuan, curin garin shinkafa mai zaƙi.

Da safe ango ya taso da abokansa, waɗanda ake kira “'yan'uwa maza” a ranar, ƙawayen amarya kuma “'yan'uwa mata”. Yawan motoci ya zama mai rabuwa biyu, kamar 6 ko 8, ban da 4, domin kalmar huɗu a bakinsu ta yi kusa da kalmar mutuwa.

Sai wasan ƙofa. Wanda ya fi shahara shi ne ɗanɗano huɗu: tsami, zaƙi, ɗaci da yaji. A kawo ruwan lemon tsami ko binigar, zuma ko ruwan sukari, shayi mai ɗaci ko ruwan wani ɗan kabewa mai ɗaci, sai barkono ko wasabi, wani kwaɓi mai yaji. Manufar ita ce ango ya nuna zai haɗiye duk abin da zaman aure ya kawo. Akwai tambayoyi a kan amarya, ranar da suka haɗu, lambar takalminta, wanda in ya faɗi a sa abokansa motsa jiki ko waƙa. A ƙarshe ya karanta takardar alkawari da ƙarfi yadda amarya za ta ji daga ɗaki.

Kuɗin buɗe ƙofa ciniki ake yi a kansa. Ƙawaye su ambaci abin da ba zai yiwu ba, abokan ango su taya da ƙasa, a haɗu a kan adadin da ya cika da 9 ko 8, kamar 999 ko 888 ko 9,999 na dalar Hong Kong, gwargwadon ƙarfin gida. Tara tana amo da kalmar daɗewa, takwas kuma da kalmar bunƙasar arziki. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne yawanci an riga an daidaita adadin tun kafin ranar, cinikin na nishaɗi ne. Ƙawayen ne ke raba kuɗin a tsakaninsu. Ban da babban ambulan, babban abokin ango yana riƙe da ƙanana masu yawa don fansar kai daga wasan da ya yi tsauri.

Da an buɗe, sai neman takalmi. An ɓoye jan takalmin amarya a ɗaki, ango ya nemo, ya durƙusa ya sa mata. Bayan nan miƙa shayi ga iyayenta: a durƙushe, da hannu biyu, ana kiran kowa da sunan matsayinsa, daga babba zuwa ƙarami. A cikin shayin akwai busasshiyar jar magaryar Sin da 'ya'yan badon lotus, sau da yawa har da longan, wani ɗan itace mai zaƙi. Wanda ya sha ya ba da jan ambulan ko zinariya. A wajen mutanen Guangdong awarwaro ne masu zanen macijin almara da tsuntsuwar almara, kuma a take ake zura wa amarya su.

Da sa'a ta yi, a fita. Mai jagorantar hidimar, wadda suke kira dai kam je, wato kamar arwanka, ko wata ƙawa, ta buɗe jar lema a kan amarya, a riƙa watsa shinkafa. Bayanin da ake bayarwa shi ne a ciyar da “kazar zinariya”, wata kazar almara, don kada ta tsattsagi amarya. Ba a son ta waiwaya.

A cikin duk wannan, sa'a da shayi su ne dattawa ba sa ɗaga ƙafa a kansu. Wasan ƙofa ana iya taƙaita shi ko a bar shi ɗungurungum.

Malama Hadiza:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma kada Maman Ilham ta ɗauka haka ake yi a ko'ina. Babban kuskuren mai kallo daga nesa shi ne ya tsinto na Taiwan ya haɗa da na Beijing ya ce ga “al'adar Sinawa”. Su kansu idan ango da amarya ba yankinsu ɗaya ba, sai iyaye sun zauna sun tsayar da na wa za a bi.

Ɗauki lokaci ma kawai. Mutanen Chaozhou, waɗanda a Singafo da Maleshiya ake kira Teochew, kafin ketowar alfijir suke ɗauko amarya. A Beijing da yawancin arewacin Sin dole a gama kafin tsakar rana, don a tsohuwar fahimta bikin yamma na aure na biyu ne. Amma ga Tianjin nan kusa da Beijing, cikin birnin da yamma suke nasu.

Shayi ma haka. Gidaje da yawa a Singafo dangin ango ake fara ba wa, sai an koma gidan amarya a ba nata. A can kuma ango ba ya buɗe wa kansa ƙofar mota idan ya iso. Ƙanin amarya ko wani yaro daga danginta ne zai buɗe, ya miƙa masa lemon tanjarin biyu, shi kuma ya ba yaron jan ambulan. A babban yankin Sin, ambulan ɗin da iyaye ke bayarwa wajen shayi sunansa “kuɗin sauya baki”, domin daga lokacin ne ango ko amarya zai fara kiran surukai Baba da Mama.

Goyon da kika gani asalinsa kada ƙafar amarya ta taɓa ƙasa tsakanin ɗaki da mota, wai kada ta kwashi arzikin gidansu a tafin ƙafa. Wanda ke goyon ya bambanta: wani wuri yayanta ko ƙaninta, wani wuri kawunta na wajen uwa, a tsohon tsarin Guangdong arwankar ce, yau kuma sau da yawa angon da kansa.

A arewa ana so masu zuwa ɗauka su tafi da adadin da ba ya rabuwa biyu, su dawo da mai rabuwa biyu, amarya ce cikon. Ba a komawa ta hanyar da aka zo, sai a yi zagaye, alamar auren ba na komawa baya ba ne. Wasu garuruwan har murafun kwalbati na kan hanyar shiga gida ake rufewa da jar takarda.

Taiwan na da nata daban. Maimakon lema, rariyar shinkafa mai zanen bagua, wata alama mai kusurwa takwas ta kariya daga sharri, ake ɗaga wa amarya, sai dai in tana da ciki, a nan baƙar lema ake amfani da ita. Da mota ta tashi ta jefo mafici ta taga, wai ta yar da munanan halayenta, ƙaninta ya tsince. Uwa kuma ta watsa ruwa a bayan motar. Wannan na ƙarshen, a ganina, shi ne mafi nauyi a duk hidimar, don karin maganarsu na cewa 'yar da aka aurar ruwa ce da aka zubar, kuma iyaye mata da yawa yanzu ba sa yarda su yi shi.

Maman Ilham:

Madalla, Allah ya ƙara sani. To kafin zuwan mota fa? Kuma idan an isa gidan ango me ake yi? Na ga wata amarya tana tsallake wuta.

Kawu Sule:

'Yata, ɗaukar amarya ita ce ta ƙarshe a cikin ladubba shida na aure da suka zo a littattafan ladubba tun zamanin daular Zhou: kai tambaya, neman sunan yarinya da ranar haihuwarta, duba dacewa, kai kayan aure, sa rana, sai qinying, wato ango ya je da kansa ya taho da ita. A wancan zamanin da magariba ake yi, shi ya sa harafin “aure” a rubutunsu yake ɗauke da harafin “magariba” a cikinsa.

Kafin mota, jar darbuka ce, wato rufaffiyar kujerar ɗaukar amarya, da maza huɗu ko takwas ke ɗauka a kafaɗa. Mai takwas ita ce ta girma, har mace kan yi gori da cewa da darbukar mutum takwas aka kawo ta, ma'ana ita matar aure ce ta ƙofar gaba. A gaba masu kuge da masu busa suona, wata irin algaita, ga tartsatsin wuta mai ƙara don korar miyagun iskoki. Akan rataya madubi ko rariya a jikin darbukar saboda wannan dalilin. Amarya na lulluɓe da jan mayafi tun daga gida. A wajen ƙabilar Tujia, a yankunan Hunan da Hubei, kukan aure ma waƙa ce da ake koya, ana fara ta tun makonni kafin ranar.

A ƙofar gidan ango ta tsallake kaskon garwashi, don ƙone abin da ya biyo ta a hanya da fatan gida ya yi haske. A arewa ta tsallake sirdi, saboda kalmar sirdi da kalmar zaman lafiya duk “an” ake furta su. Kada ta taka dokin ƙofa. A kudu mutanen gidan kan ɓuya sai ta shige, don kada a yi ido huɗu a bakin ƙofa, wanda suke ganin yana jawo saɓani tsakaninta da uwar miji. Sai rusunawa uku: ga sama da ƙasa, ga iyaye, sannan ma'auratan ga juna. A ɗaki ango ya ɗage mayafin da sandar sikeli, domin sunan sikeli na amo da kalmar gamsuwar zuciya.

Idan kika lura, rabin abubuwan nan wasa da amon kalma ne. A kan gadon amare ana watsa magarya, gyaɗa, longan da 'ya'yan lotus. Ka jera sunayensu, zao, sheng, gui, zi, sai su ba da jimlar “a haifi ɗa mai daraja da wuri”. A arewa akan ba amarya jiaozi, wato curin fulawa mai nama ko ganye a ciki, da bai gama dahuwa ba, a tambaye ta “sheng ne?”, ta ce “sheng”, kalmar da ke nufin ɗanye kuma take nufin haihuwa.

Rana ta uku ma'aurata su kai ziyara gidan iyayenta, mutanen Guangdong da gasasshen alade, su koma kafin faɗuwar rana. Yau a Hong Kong da Singafo yawanci a ranar bikin ake haɗa wannan, amarya ta sauya tufafi don a nuna kamar kwanakin sun wuce.

Abban Khalil:

Ƙarin bayani kan inda abin ke lalacewa. Na ɗaya, wasan ƙofa ya ci lokaci. Idan amarya za ta fita kafin 11, ango ya iso wajen 9: minti 30 zuwa 40 na wasa, 10 na takalmi, 30 ko fiye na shayi gwargwadon yawan dangi, ragowar na hoto da saukowa daga bene. Wasa uku ko huɗu sun isa. Ƙawa ɗaya ta riƙe agogo, kuma ta san inda aka ɓoye takalmin, don akan yi ɓoyon da mai ɓoyewar ma ta manta.

Na biyu, jerin sunayen masu shan shayi. A rubuta shi tun jajibiri, iyaye su duba, domin wasu gidaje iyaye ne farko, wasu kakanni. Ba wa ƙanin uba kafin yayan uba abu ne da ake riƙewa a zuci shekaru. A kuma tambayi dattawa wa ba a so ya tsaya wajen fitar amarya: mai zaman makoki, mai ciki, ko wanda dabbar shekarar haihuwarsa ta yi karo da ranar, don a kalandarsu kowace shekara da dabbarta. A Taiwan 'yan shekarar damisa ne aka fi ce wa su kauce wa ɗakin amarya.

Tartsatsin wuta kuwa an hana shi a Hong Kong tun 1967, a Singafo tun 1972, birane da yawa na Sin ma sun taƙaita shi, shi ya sa za ki ga ana fasa balan-balan ko a kunna na lantarki. Wasan da ya wuce gona da iri, irin ɗaure ango a jikin bishiya ko cin zarafin ƙawaye, ya kai ga a 2021 ma'aikatar harkokin jama'a ta Sin ta ware yankunan gwaji don gyara al'adun biki, har da tsadar kuɗin aure. Sannan duk wannan hidimar ba ita ke ƙulla aure a doka ba. A babban yankin Sin rajista ce ke ƙulla shi, namiji ya kai shekara 22, mace 20, kuma da yawa sun karɓi jar takardar aurensu watanni kafin ranar da za a je ƙwanƙwasa ƙofa.