Neman shawara: mu fitar da inna waje ko mu tsaya Yamai?

Tambaya daga Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. An gano ƙullutu a nonon innarmu, shekarunta 58, lokotoro ya ce yana zaton sankara ce. Yayyena sun ce a sayar da fili a kai ta Indiya ko Tunisiya tun da wuri, wani dillali ma ya ce kuɗi kawai za mu tura. Ta ina za mu fara?

Amsar wani lokotoro:
Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba inna lafiya. Kada ku sayar da komai tukuna. Zato ba hukunci ba ne, sai an ciri ɗan nama an auna, wato biyofsi. Ku nemi awon ya haɗa da ER, PR da HER2, wato wasu alamomi da ake dubawa a jikin ƙwayoyin ciwon, don su ke nuna irin maganin da zai yi mata aiki. Bayan nan sikana na ƙirji da ciki, a ga ko ciwon ya bazu. Da waɗannan takardu ku je Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a Yamai, tun 2021 ake gashi a can, wato ƙona ƙwayoyin ciwon da hasken na'ura. Idan tiyata da shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da gashi ne kawai, ana yin su a nan ƙasarmu. Kuma shimiyo galibi duk kwana 21 ake yi, sau 6 zuwa 8. Ka lissafa watanni nawa ke nan na haya da abinci a ƙasar wasu. A nan ne kuɗin mutane ke ƙarewa, su dawo magani rabi da rabi, abin da ya fi rashin tafiyar muni.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, in har fitar ta zama dole, ku karɓo ɗan naman da aka daskarar cikin kakin awo, da gilasan da aka duba naman a kansu, da faifan sikana. Takardar sakamako kaɗai ba ta isa, can za su sake dubawa, in babu naman sai a sake yanka ta. Bayan kowane shimiyo, tsakanin kwana 7 zuwa 14 garkuwar jiki ke faɗuwa. Zafin jiki ya kai 38, a tafi likita a daren, ba jiran safiya.

Amsar wani mai harkar tafiye-tafiye:
Kiyasin kuɗi ya fito daga asibitin da kansa, a rubuce, kuma kuɗi su shiga asusun asibitin, ba na dillali ba. Ku tambaya ko ya haɗa da ɗakin kulawa ta musamman da magungunan bayan sallama, sau da yawa babu su ciki. Indiya na son bizar jinya, mai rakiya kuma da tasa daban. Dosiyen Faransanci sai an fassara shi Turanci, Tunisiya da Maroko ba wannan wahalar. Katin rigakafin ciwon shawara sai bayan kwana 10 yake aiki, amma a tambayi lokotoro kafin a yi wa inna allurar, ba a yi wa mai shan shimiyo. Tikitin dawowa ku sayi wanda ake iya sauya ranarsa.

Ƙarin lokotoro:
Kafin ku tashi, ku san wanda zai ci gaba da duba ta a Yamai, ku dawo masa da cikakken rahoton tiyata da sunayen magunguna da adadinsu.