Manhajar kantin magani da za ta kai shekara goma: ta ina zan fara?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Kawuna yana da kantin magani a nan Garwa, ya ɗora mini aikin rubuta manhajar lissafin kaya da bashi da ranar lalacewar magani. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada bayan shekara biyu a ce sai an sake sabuwa. Kwamfutar kantin tsohuwa ce, Windows 7 ke kanta, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Da bazara wuta takan ɗauke ana tsakiyar ciniki, sabis kuma yau akwai gobe babu. Ranar da kwamfutar ta mutu, wataƙila a waya za a ci gaba. Yaya zan gina ta?

Malam Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da bayanan, ƙawata fuskar manhaja ta biyo baya. Kwamfuta za ta mutu, kai ma wata rana aiki zai kai ka Yawunde, amma bashin da ake bin mutane yana nan. Zuba komai a SQLite, wato ƙaramin rumbun ajiye bayanai na manhaja. Fayil ɗaya ne tak, tun 2000 ake aiki da shi, masu shi sun ce za su riƙe shi har 2050, kuma yana cikin kowace wayar Android. Abin da ya fi burge ni: in wuta ta ɗauke ana rubuta ciniki, ko dai ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba, ba a samun rabi. Kullum da magariba manhajar ta fitar da kwafin bayanan a filashi a tsarin CSV, wato jadawali na rubutu zalla, kawunka ya sa a aljihu ya tafi da shi gida. Ka kuma yi rubutun da UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, don sunaye masu ɓ da ɗ, na Hausa da na Fulatanci, kada su rikiɗe.

Maman Zara, Njamena:
Ƙanena, kada ka jingina ciniki da intanet ko kaɗan. Mu nan an rufe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yulin 2019, masu karɓar oda ta nan sun ji jiki. Manhajar ta yi aikinta ba sabis, in ya dawo ta tura bayanan. Sannan duk abin da ke canzawa, kamar haraji da canjin naira da sefa, ka ba shi wurin da mai kanti zai gyara da hannunsa.

Ɗan Garwa:
Na gode Malam, na gode Yaya. Maganar canjin ta taɓa ni, don wasu masu sayayyar daga Yola suke shigowa da naira. Zan ajiye canjin ranar tare da kowane ciniki. Saura ɗaya, Malam: in yaron kanti ya shigar da ciniki a waya, Kawu kuma a kwamfuta, duka ba sabis, wanne za a ɗauka in aka zo haɗa bayanan biyun?

Malam Marwa:
Duka biyun. Kada ka riƙa goge adadin kaya kana sa sabo. Rubuta kowace shiga da fita a layinta, da lambarta da ba ta maimaituwa, manhajar ta tara da kanta. Ka lura da agogon tsohuwar kwamfutar kuma: in ƙaramin batirinta ya mutu, kwanan wata baya yake komawa.