Da tsohuwar zuma ake magani: har da kayan gida?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Jiya na hana ƙanena jefar da wata tsohuwar fanka, na ce masa da tsohuwar zuma ake magani, sai ya ce na ɗora karin maganar a inda ba muhallinta ba, domin a ganinsa mutane ake nufi da ita, ba kaya ba. Wane ne ya yi daidai a cikinmu?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ƙanenka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin an fi kawo ta idan sababbin dabaru sun gaza aka koma ga dattijo ko tsohon masani. Sai dai karin magana ba ta da shinge, kuma hikimarta tana cikin zumar kanta: ruwan da ke cikinta kaɗan ne, bai kai kashi 20 cikin 100 ba, shi ya sa yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa a ciki, take daɗewa ba ta lalace ba. Abin da za a tambaya game da fankarka shi ne ko tana cikin abubuwan da tsufa ba ya cin amfaninsu.

Mai gyaran kayan lantarki: Malam, a sana'ata amsar ita ce e. Yawancin fankoki da duwatsun guga da ake kawo mini, waya ce ta tsinke ko fis ya ƙone, amma injin lafiyarsa ƙalau. A Amsterdam ma, tun 2009 aka fara zaman da ake kira Repair Café, inda masu sa kai suke gyara wa mutane kayansu kyauta. Ni kuwa karin maganar da nake riƙe da ita ita ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Malamin Hausa: A nan kam ka zame, ɗan'uwa. "Gyara" a wannan magana daidaita kayan da suka karkace a kan mai ɗauka ake nufi, ma'anarta kuwa mai ba ka shawara ba rabonka yake nema ba. Ba ta da alaƙa da gyaran abin da ya lalace, ko da yake ta dace da mai tambaya, tunda shawara ya ba ƙanensa.

Wata uwa: Ni ina da ja, Malam. Da wannan karin maganar wasu suke cika ɗaki da tarkacen da ba za su taɓa amfani da shi ba, alhali rigar da ta yi wa yaro kaɗan, kyautar da ita ga mai bukata ya fi ajiye ta har asu ya cinye. Kuma akwai tsohon da cuta ne. Maganin da wa'adinsa ya wuce ba zuma ba ne, haka jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba ta zama ta ruwan sha komai wankin da aka yi mata.

Ɗalibin kimiyya: Hajiya ta yi gaskiya, kuma ko wajen sake sarrafawa kaya ba ɗaya suke ba. Kwalba da gwangwanin alminiyam ana narkar da su sau da yawa ba tare da ingancinsu ya ragu ba, kuma sake narkar da alminiyam yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake bukata wajen samar da sabo. Takarda kuwa zarenta gajarcewa yake yi duk lokacin da aka sake sarrafa ta, roba kuma kusan kashi 9 cikin 100 kawai na shararta ake sake sarrafawa a duniya.

Mai tambaya: Na gode muku. Malam mai gyara, fankar tana ƙugi idan an kunna ta amma ba ta juyawa sai an tura ta da hannu. Wannan yana gyaruwa?