Kwamfuta za ta iya faɗin shanu nawa ƙasa za ta ɗauka?

Ɗalibin noma: Assalamu alaikum. Ina nan kan maganata ta jiya. In aka ba kwamfuta bayanin ruwan sama, irin ƙasa, ciyawa, yawan dabbobi da farashin kasuwa, za ta kwaikwayi gonar gaba ɗayanta, ta nuna watan da abinci zai yanke tun bai yanke ba. A Ostareliya sun daɗe suna haka da manhajojin APSIM da GrassGro.

Baffa mai kiwo: Wa alaikumus salam. Ɗana, gonar wa? Shanuna da damina suna wajen Illela, wani lokaci su ƙetara Nijar. Kaka ta yi, su dawo cin kara a gonakin mutane, mu bar musu taki. Da rani sai fadamar Rima. Wanda ya yi na'urar nan yana da shinge, ya san iyakar ciyawarsa. Ni tawa burtali ne, shi ma kullum ana cinye shi da noma.

Ɗalibin noma: Baffa, amma ciki ɗaya ne ko ina. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci wajen kilo 6 da kwata a rana. Daga Nuwamba zuwa Mayu wajen kwana 210 ke nan, ya haura kilo 1,300. Shanu goma, tan 13.

Alhaji na Kara: Wanga lissafi na yarda da shi, don aljihuna ya shaida. Damin harawa da kaka araha, bazara na kamawa sai ya fi ƙarfin talaka. Da na san adadin da zan ci, da tun kaka na tara.

Likitar dabbobi: Ku duka kuna da gaskiya, amma ni inda nake jin tsoro daban ne. Manhajar nan abin da aka ba ta take mayarwa. An gina ta kan shanu da ciyawar wata ƙasa. Bokolonmu yakan rame da rani ƙashi ya fito, ruwa na sauka ya mayar da jiki cikin gaggawa. Jar akuya kuwa rabin rayuwarta ganye ne da 'ya'yan gawo, wa ya auna wannan? Gamba da kyasuwa ba a watan ɗaya suke da amfani ba, kyasuwa na bushewa ƙarfinta ya tafi. Damina kuma wata huɗu ce, Yuni zuwa Satumba, in ta yi tsalle na sati uku komai ya canja. Sai masu bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika sun auna namu shekara da shekaru, a kuma ɗauki gari da burtalinsa da fadamarsa a matsayin gonar, sannan zan ba makiyayi shawara da ita.

Ɗalibin noma: Hajiya, to ai ba ki ce ba ta aiki ba.

Likitar dabbobi: Ban ce ba. Na ce yanzu ta fi dacewa da mai turka ragunan layya a gida, wanda ya san abin da ke shiga da fita.

Baffa mai kiwo: To ɗana, ka zo ruga da ma'auninka bayan girbi, ka auna kara da harawa, zan nuna maka inda ciyawa ke fara ƙarewa. Amma ƙidayar shanu ka bar ta tukuna, dattawanmu ba su manta jangali ba.