Wai kare ma yana buƙatar laif jaket (rigar hana nutsewa a ruwa)?

Mai_Kare:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Karena yana son ruwa sosai, jiya ya bi sanda cikin kogi ruwa ya fara jansa, hanci kawai nake hangowa, wallahi jikina har yanzu rawa yake. In sai masa rigar nan ko horo ya rage?

Ɗan_Iyo:
Sai masa ɗan'uwa. Ba duk kare ne ya iya iyo ba, irinsu bulldog da pug hancinsu gajere ga nauyin ƙirji, nan da nan suke nutsewa, ko labrador ɗin da ake yabo in ya gaji shi ke nan. Ka nemi mai mariƙi a baya yadda zaka cafko shi, da kala mai haske, ka auna ƙirjinsa kafin ka saya, in ka ɗaure yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashin madaurin.

Uwar_Gida:
Ka fara sa masa a gida ya saba tukuna. Kuma ruwan da yayi kore-kore kar ka bari ya sha, wata gansakukar tana da guba. In ya fito ka tsane masa kunne.

Mai_Kare:
Na gode ƙwarai, yau zan auna shi.