Kujerar iyaye a makarantar coci: ado ce ko aiki?

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya na tsinci wata takarda a ƙasan jakar yara, ta cukurkuɗe da ɓawon ayaba. Wai makarantarsu na neman uwa ko uba guda ya shiga cikin gwamnonin makaranta. Firamare ce ta Cocin Ingila a nan Leeds. Raina ya biya in cike fom ɗin, amma maigida ya ce ɓata lokaci ne. Me kuka gani?

Kawu Bakano: Wa alaikumus salam. Maigidanki ya faɗa miki gaskiya, 'yata. Kujerar iyaye a makarantar coci ado ce kawai. Doka da kanta ta ba coci rinjaye, fada, wato limamin coci, da mutanensa su gama magana tun a harabar coci ran Lahadi, ke kuma ki je ki zama 'yar amshi.

Autan Gida: Anti za ta zama gwamna! To a ina za mu karɓi kwangila? Akwai jiniya?

Malamin Lissafi: Auta, ko sisi ba a biya. Aikin sa kai ne na shekara 4, sai an binciki tarihinka kafin ka zauna, iyakarta a mayar maka da kuɗin mota.

Ɗan Wusasa: Kawu, a gafarce ni, rabin maganar ka faɗa. Ni coci ce ta naɗa ni a makarantar unguwarmu, yau shekara ta uku ke nan. Tun dokar ilimi ta 1944 makarantun coci da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu galibi iri biyu ne, VA (voluntary aided, mai samun tallafin gwamnati) da VC (voluntary controlled, wadda ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma). A VA, waɗanda coci ta naɗa sun ɗara duk sauran da mutum 2. Wannan kam haka yake. A VC kuwa ba a yarda su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Idan gwamnoni 12 ne, na coci 3 ne iyaka, kuma ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar malamai, ita ke raba gurabe. Wace irin rinjaye ke nan? Kafin a yanke wa Maman 'Yan Biyu hukunci, a fara sanin tasu wace iri ce.

Kawu Bakano: Na ji, Yallaɓai. To mu tsaya a kan VA, tunda a can wutar ta ƙone ni. Jikana na nema wa gurbi a wata da ke bayan gidanmu, daga tagar kicin ana hango filin wasanta. Mun cike komai kafin 15 ga Janairu. Sai ga ƙarin fom, wai limamin coci ya sa hannu cewa ana zuwa ibada. Da Afrilu ta yi aka tura yaron wata makaranta mai tafiyar bas biyu, uwarsa na jan shi da asuba cikin sanyi. Wa ya rubuta wannan sharaɗi? Gwamnoni. Su waye masu rinjaye a cikinsu?

Ɗan Wusasa: Wannan ban musa ba. A VA gwamnoni ne ke tsara sharuɗɗan shiga idan masu nema sun fi gurabe, su ne iyayen gidan ma'aikata, su ke zaɓen shugaban makaranta, su ke tsara darasin addini. Amma da yawa ba sa tambayar zuwa coci sam, kusancin gida suke dubawa. Tamu haka take.

Malamin Lissafi: Ina ganin ku duka biyun kun ɗauka gwamnoni ne ke tafiyar da makaranta kullum. Ba haka ba ne. Wane malami zai riƙe wane aji, wa ya yi faɗa a filin wasa, duk na shugaban makaranta ne. Aikin gwamnoni uku ne: su tsayar da alkiblar makaranta, su titsiye shugaba a kan sakamakon yara, su sa ido a kan kuɗi. Doka ta ce su zauna aƙalla sau 3 a shekara. Mu malamai ba addu'ar fada ke hana mu barci ba, tambayar gwamna ce: me ya sa karatun 'yan aji biyu ya ja baya?

Hajiya 'Yar Jos: Kawu, ni na zauna a kujerar da kake cewa ado, kuma a VA. Ranar farko, ƙarfe shida na yamma, aka jera mu a kan kujerun yara, gwiwata har ƙirji, ga takardu shafi arba'in da aka turo mini tun mako guda ban buɗe ba. Na shirya faɗan addini. Awa biyu muka kwashe a kan na'urar ɗumama azuzuwa da ta lalace da kuɗin malamin wucin gadi. A shekara huɗun nan ban ƙirga sau biyar da aka ɗaga hannu don ƙuri'a ba, kuma ko sau ɗaya ba a rabu coci gefe, iyaye gefe ba. Inda zamana ya yi rana shi ne kayan makaranta. Gwamnoni ke amincewa da tsarin, kuma daftarin da aka kawo bai ambaci hijabi ba ko kaɗan. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya tuna. Na ɗaga hannu, aka ƙara layi ɗaya: hijabi mai launin rigar makaranta. Wata tsohuwa da coci ta naɗa ce ta fara mara mini baya. Da ba na ɗakin, sai dai a ji iyaye na gunaguni a bakin ƙofa.

Kawu Bakano: Hajiya, alfarma suka yi miki. Abin da aka ba ka don an ga dama, ana iya karɓewa ran da aka ga dama. Ni ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: albashin malamai harajinmu ne, littattafai harajinmu ne. Ko a gini, kashi 10 cikin 100 kawai ke wuyan gwamnonin VA. Mai kashi goma ya riƙe rinjaye, mai kashi casa'in ya zauna a kujerar yara?

Ɗan Wusasa: Ka manta da fili da ginin. Galibi na amanar coci ne, kuma tun 1811 cocin ke gina wa 'ya'yan talakawa makarantu, gwamnati ba ta fara nata ba sai bayan 1870. Yarjejeniyar 1944 ke nan: ku kawo gine-ginenku, mu biya malamai. Shi ya sa har yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na firamaren Ingila na cocin ne. Aikin da aka ɗora mana shi ne kada makarantar ta bar turbar da aka kafa ta a kai, kuma masu duba makarantun coci, wato SIAMS, kan zo su gani, ban da Ofsted, masu duba makarantu na gwamnati.

Kawu Bakano: Tarihi na ji shi. Adalci ne ban gani ba.

Maman 'Yan Biyu: To ita addu'ar safe fa? Idan na shiga zan iya sa a daina?

Hajiya 'Yar Jos: A'a, kar ma ki shiga da wannan niyya. Ibadar kullum doka ce, a makarantar coci kuma ta Kirista ce. Amma kowace uwa na da ikon cire ɗanta daga ibadar da darasin addini, wasiƙa ɗaya ta isa, ba sai kin zama gwamna ba. Sannan ki sani, iyaye ne za su zaɓe ki amma ba 'yar aikensu ba ce ke. Za a tare ki a bakin ƙofa, a ce malama kaza ta yi wa ɗana kaza. Ki nuna musu hanyar kai ƙara, ki ja bakinki. In kika tsoma baki, ba za ki iya zama a kwamitin da zai saurari ƙarar ba. Wannan ya fi komai wuya, har wata maƙwabciyata ta daina gaishe ni.

Malamin Lissafi: Ki kuma duba ko an mayar da ita akadami, wato makarantar gwamnati da ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma. In haka ne lissafin kujerun ya sauya, babban ikon na hannun amintattun ƙungiyar da ke riƙe da ita.

Maman 'Yan Biyu: Yanzu na kira ofis. VC ce, ba akadami ba. Gwamnoni 12, na coci 3, na iyaye 2. Ran Juma'a ake rufe karɓar fom, kuma sai na rubuta 'yan layuka a kan kaina.

Kawu Bakano: To cike. Amma ki dawo nan bayan shekara ki ba mu labari, ni ina nan a kan bakana game da VA.

Maman 'Yan Biyu: In sha Allah, Kawu. Auta, kai za ka riƙe mini yaran duk ranar zama, kwangilarka ke nan.